Bidiyon taro na daskarewa, awon layi kuma na nuna da sauran wuri

Ƙorafin da ya fi isa ga masu kula da netwok ɗin kamfani shi ne murya na kakkatsewa a Teams ko Zoom, hoto na daskarewa. Sai a buɗe allon awo a ga kashi 40 cikin 100 na layin intanet kawai ake ci, a ce matsalar ba daga nan take ba. Sau da yawa daga nan ɗin take, awon ne bai kai ya gan ta ba.

Yawancin manhajojin sa ido na tambayar rauta (na'urar da ke haɗa netwok ɗin ofis da intanet) ta SNMP, wato hanyar karɓar alƙaluma daga na'urorin netwok, duk bayan minti 5, su ɗauki matsakaici. Cunkoson da ke ɓata murya kuwa ko sakan ɗaya ba ya kaiwa. Ga lissafin: kwamfuta ta tura megabayit 1 (megabit 8 ke nan) ta suwici, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, mai gudun gigabit 1 a sakan, ya isa rauta cikin milisakan 8. Layin fita mai megabit 100 sai ya ci milisakan 80 kafin ya fitar da shi. Duk fakitin muryar (ɗan ƙunshin bayanan da ake tura ta a ciki) da ya zo a wannan tsakanin a baya zai tsaya, in kuma ma'ajiyar rautar ta cika, zubar da shi za a yi. A matsakaicin minti 5 wannan bai bar ko alama ba.

Don haka abin dubawa na farko shi ne adadin fakitin da aka zubar a ƙofar fita ta rautar, da kurakuran CRC, wato adadin fakitin da ya iso a lalace, a ramukan suwici. In CRC na ƙaruwa, galibi waya ce ko kanta ya lalace, a fara da canza ta. In zubarwa ce ke ƙaruwa, a mai da tambayar SNMP zuwa duk sakan 30 ko ƙasa, a kunna NetFlow ko IPFIX, masu rubuta wace na'ura ce ke tura me, a ga wa ke cika layin a lokacin. Galibi kwafin ajiya ne da ake lodawa waje, ko sabunta Windows da aka bari yana gudana da rana.

Ma'aunan da suka dace da zance kai tsaye: jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, kamar yadda shawarar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tanada. Saɓanin lokacin isowar fakiti ƙasa da milisakan 30. Asara ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ping, gwajin aika ɗan saƙo a auna lokacin dawowarsa, shi kaɗai ba ya wadatarwa. A gwada iperf3, manhajar gwajin layi, ta UDP, hanyar da murya kai tsaye ke yawan bi, tsakanin rassa biyu, a lokacin da ofis ya cika, ba da daddare ba. Bidiyo irin na YouTube da ke tara ɗan abin kallo a gaba yana jure wannan, shi ya sa yake tafiya lafiya a kwamfutar da taro ke yankewa.

Gyaran shi ne fifiko. Ana yi wa murya lambar DSCP 46, wato alamar fifiko da ake sa wa fakiti, bidiyo 34, sannan a taƙaita fitar rautar zuwa wajen kashi 90 ko 95 na abin da aka saya. Wannan na biyun ake yawan mantawa, kuma in babu shi jerin jira a na'urar kamfanin intanet zai taru, inda ba ka da iko. Lambar ma sai an bi sawunta da Wireshark, manhajar duba cikin fakiti, a kowane mataki, domin suwici da yawa na shafe ta su mai da ita 0 in ba a ce su amince da ita ba, kuma a buɗaɗɗen intanet ba a girmama ta.

Wi-Fi na da nasa tarkon. Na'urorin da ke karanta bit uku na farkon lambar kawai suna jefa 46 a sahun bidiyo maimakon na murya, abin da RFC 8325, wata takardar ƙa'idar intanet, ta zo gyarawa. A duba wannan saitin, kuma allon ɗakin taro a ja masa waya.