Abin da Inna ta ji a bakin likita

Laraba. An kawo wuta tun asuba, har guga na samu na yi. Auta ya tafi makaranta ba kuka. Na ce yau ranar sa'a ce.

Ƙarfe 10 muna kotu ni da Inna, rakiyar maƙwabciyarmu kan zargin lalata da aka yi wa 'yarta. Likita ne ya ba da shaida. Ya ce da ya duba yarinyar bai ga rauni ba, amma rashin rauni ba ya nufin ba a taɓa ta ba. Lauyan wanda ake tuhuma ya kama rabin farko ya yi ta nanatawa.

A Keke Napep, hanyar Badariya, Inna ta dafa gwiwata.

“Ke 'yar nan, tunda likita bai ga komi ba, kada a ɗauki alhakin bawan Allah. Kuma mi ya hana ta hwaɗi sai bayan wata huɗu?”

Na ce, “Inna, ku gafarce ni, wata huɗu ai ya isa ciwo ya warke. Jikin yaro saurin warkewa gare shi, yawancin yaran da ake kawo mana asibiti ba a ganin komai. Kuma wa za ta faɗa wa? Mutumin da ke shiga gidansu ba sallama, wanda aka ce ta riƙa kiransa kawu?”

Ta yi shiru har muka sauka.

Abin ya tsaya min a rai, don Inna ba muguwa ba ce. Ita ta goya yarinyar ranar suna. Kunne ɗaya muka saurara da shi, amma ta tafi da rabin zance.

A Amurka da Ingila, a manyan laifuka, galibi mutum 12 ake ɗebowa daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi, irin su Inna ke nan. Shi ya sa a Amurka ake kiran masana halayyar yara su bayyana musu cewa jinkirin faɗa, da janye magana don tsoro, abu ne da aka saba gani. Ba a yarda masanin ya ce yarinya gaskiya take faɗa ba. Mu nan alƙali ne shi kaɗai, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, sai an sami wata hujja ta ƙarfafa maganarsa kafin a hukunta mutum. To in takardar likita ce hujjar, a kuma fahimce ta a karkace fa?

An ɗage zama. Yarinyar tana riƙe da gefen mayafin uwarta, ko ruwan leda da na miƙa mata ba ta karɓa ba.

Tuwon dare ya yi ruwa. Maigida bai ce komai ba.

Bayan isha'i Inna ta leƙo ɗakina, carbi a hannu. “Da gaske yana warkewa ba a gani?” Na ce da gaske. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa.