Abin da hasumiyoyin coci suka koya mini

Na ajiye aikin ƙididdigar tsofaffin ƙararrawar coci a tsakiyar Ingila, kuma har yau maganar garkuwar Brasyer ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya taɓa hawa hasumiya ya san tambarin nan: garkuwa mai ƙararrawa uku da kambi a tsakiya, ta gidan Brasyer, masu zubin ƙararrawa na birnin Norwich a ƙarni na 15. A wata cocin ƙauye muka same ta a kafaɗar wata ƙararrawa. Maigidanmu ya haska tocila sau ɗaya daga bakin tsani, ya ce a rubuta Norwich, ƙarni na 15. Ni kuwa na kutsa bayan katakon da ke riƙe da ƙararrawar, gwiwa cikin kashin tattabaru, na manna takarda na goga baƙin kaki har haruffa suka fito: IHS NAZARENVS REX IVDEORVM. Wannan rubutun Hugh Watts ne na Leicester, mutumin ƙarni na 17, wanda hatiman Brasyer suka faɗo hannun gidansu. Tazarar ta kai shekara ɗari da hamsin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba wannan." Ko karɓar takardar bai yi ba. A gaban kowa ya ce jiya-jiya na zo zan koya masa aiki. Na haɗiye. Da rahoto ya fito, sai ga Watts a ciki, da sunan maigidan a matsayin wanda ya gano. Nawa ko a gefe babu.

Hatimi kayan gado ne, ana saye, ana sayarwa, mai auren bazawarar mai zubi ma yakan gaje shi. Hatiman kawunan sarki da sarauniya sun fara aiki tun ƙarni na 14, suka yi ta yawo har Nottingham, ƙarnuka bayan mutuwar mai su na farko. Shi ya sa nake auna tambari da siffar haruffa da tsawon ƙugu, don na da can sun fi tsawo da sirantaka.

Shekarar da aka rubuta ma a bi ta a hankali, domin masu sake zubi sukan kwafe tsohon rubutu a jikin sabon ƙarfe. Sunan kamfani na taimakawa: in ka ga Mears & Stainbank, zubin masana'antar ƙararrawa ta Whitechapel da ke Landan ne na tsakanin 1865 da 1968.

Ku da kuka rage, kowace takarda kuka goga ku sa mata sunanku da kwanan wata tun kuna saman hasumiya, kuma ku ɗauki hotonta kafin ta shiga ofis.