Asabar a gida da Yariman Zamunda

Yau ban buɗe shago ba, ruwa ake yi tun asuba. Bayan azahar ƙanena ya shigo da kwamfutarsa yana murmushi. "Yaya, kai da kullum ba ka da zance sai Coming to America, ka ga na biyun kuwa?" Tun 2021 da ya fito a Amazon nake zille masa da gangan. Yau ya ritsa ni, ba wurin gudu.

Na farkon, na 1988, a kaset muka gan shi a ɗakin wani maƙwabcinmu, kaset ɗin ya sha haya har hoton yana rawa. Turancin rabi muke ji, amma dariya har da riƙe ciki. Ɗan sarki ne fa, Akeem, wanda ake watsa wa furanni duk inda zai taka, ya bar ƙasarsu Zamunda ya tafi unguwar Queens a New York neman matar aure, ya ƙare yana goge ƙasa a gidan abincin McDowell's, yana fara'a kamar an ba shi sarauta. Shi bai san yana ba da dariya ba, abin da ya kashe mu ke nan. Ga shagon aski da musun dambe. Sai da na girma na san Eddie Murphy, wanda ya fito a yariman, shi ne mai askin, shi ne kuma tsohon Baturen nan mai gardama.

Na biyun an zuba kuɗi, ban musa ba. Tufafi sun yi kyau, Wesley Snipes ya yi ƙoƙari, kuma da Davido ya fito yana waƙa ƙanena har miƙewa ya yi. Amma shekara 33 ana jira, sai a ce mana wai Akeem yana da ɗa a Amurka bai sani ba? Akeem ɗin da muka sani da kunya? Tsofaffin shagon askin ma an dawo da su, su da tun wancan lokacin gemunsu ya yi fari. Har guntayen tsohon fim ɗin suka riƙa sakowa don mu tuna inda muka taɓa dariya. Ɗumamen tuwo ne aka zuba a sabon kwano.

Da muka gama ƙanena ya ce akwai sabon Beverly Hills Cop na 2024 a Netflix, ko ya kunna. Na ce ya kai wa wanda bai ga na 1984 ba, ni ya ɗora min shayi.