Daren da na ɗaure mai faɗin gaskiya

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullan ɗakin maza, bayan shekara 11 ina aikin nas a ɓangaren masu taɓin hankali. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki sun matsa mini in rubuta musu abin da na koya. Na zauna zan jera musu abubuwa, sai dare guda ya cinye takardar.

A shekarata ta biyu aka kawo wani saurayi da bai wuce 19 ba. Kwana huɗu bai runtsa ba, yana ta cewa ana kiran sunansa a rediyo. Aka yi masa allurar haloperidol, wani maganin taɓin hankali, ya samu barci. Washegari ina aikin dare, sai ga shi a bakin teburina, wuya ya karkace gefe guda, idanu sun ƙafe sama, harshe ya cika masa baki. Da ƙyar ya ce, "Malam, maganin nan ne. Wuyana ya ƙi."

Tun ranar da na fara aiki aka cusa mini cewa 'yan ƙwaya kan ƙirƙiri irin wannan sandarewa don a ba su benzhexol, maganin da ke sakin ta, wato Exol da matasa ke sha don maye. Dalilin ke nan shugabar ɗakinmu take kulle shi a durowa, ta wuce gida da makullin a jakarta. Na buga mata waya. Ta ce iya shege ne, in ya dame ni in ɗaure shi. Na kuwa ɗaure shi da zanin gado, hannu da ƙafa, yana ta ƙoƙarin yi mini bayani da harshen da ba ya juyawa.

Mahaifiyarsa na zaune a kan tabarma a baranda. Ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, dube shi da kyau. Wannan ba ciwon da muka kawo shi da shi ba ne." Na ce, "Mama, ki bar mu mu yi aikinmu." Ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta gano abin da ni mai takarda na kasa gani.

Da asuba likita ya shigo, kallo ɗaya ya yi masa ya sa a kawo promethazine. Ba a jima da yin allurar ba wuyan ya saki. Sandarewar nan illa ce sananniya ta haloperidol, ta fi kama samari a kwanakin farko, kuma idan ta kai ga maƙogwaro tana iya toshe numfashi. Na karanta ta a makaranta, har na ci jarrabawa a kanta. Abin da ya hana ni ganinta shi ne na riga na yanke cewa duk maganar da ta fito daga bakin mai wannan gadon shirme ce ko dabara.

Kafin azahar kawunsa ya zo ya ce aljanun sun fi ƙarfin asibiti, suka tattara kayansu. Daga baya na ji wai gidan mari aka kai shi. A watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fasa wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, na kwana ina buɗe hotunan a waya ina neman fuskarsa.

Takardar tuhuma ni kaɗai aka ba. Shugabar tamu ta ce ba ta tuna an kira ta ba, bayan shekara guda kuma aka ƙara mata girma. Na yafe, amma ina ba duk sabon ma'aikaci shawara ya rubuta duk umarnin da aka ba shi ta waya, da lokacinsa, da sunan mai bayarwa.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka kira mutum da sunansa. Lambar gado ta fayil ce. Kada ka yi musu da dangi a kan ruƙiya ko rubutu, ka roƙe su kawai kada a ajiye magani. Dangi masu jinya kuma kada a kore su waje kamar kaji. Tun 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa zama da dangi ɓangare ne na magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta yi maganar haƙƙin majiyyaci, sai dai da yawanmu ko kwafinta ba mu taɓa riƙewa ba.

Tun daga daren nan ban sake ɗaure mutum ba sai na zauna na saurare shi, kuma a shekara tara ba su kai yatsun hannu ɗaya ba waɗanda dole ta sa na ɗaure. Wasu abokan aiki suna ce mini Malam Sanyi, ba kuma yabo suke nufi ba. Da aka ba ni riƙon ɗakin, abu na farko da na yi shi ne yanka wa durowar nan makulli na biyu. Yana rataye a bayan ƙofar ofis, ƙarƙashin kalanda, don mai aikin dare.