Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyar keke ta hanyar Gwarzo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin 'yan kwamitin shirye-shirye, muna godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun tashi daga Kabuga bayan sallar asuba, muka bi hanyar Gwarzo, muka wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Janguza, muka juyo daga Rimin Gado, zuwa da dawowa sama da kilomita 40. An shirya tafiyar ne albarkacin Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018. Yawancin waɗanda suka fito masu aiki ne daga gida ta intanet: masu rubuta manhaja, masu fassara, masu zane, masu lissafin kuɗi. Mutane ne da kan yi awa 8 ko 10 a kan kujera, wasu ma kekunansu sun shekara a jingine a zaure. Shi ya sa bakanikai za mu fara yi wa godiya.

Baba mai gyaran keke da yaransa biyu sun rufe rumfarsu tun la'asar ɗin jajibiri, suka bi kekunan nan ɗaya bayan ɗaya. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Abin da suka yi ya cancanci a rubuta shi don wanda bai halarta ba.

Da taya suka fara. Keken da ya daɗe a ajiye robarsa kan bushe ta tsattsage a gefe, irin wannan ko an yi masa iska ba a yarda da shi, sai canji. Iska kuma ba da matsa yatsa ake gane ta ba, awon yana rubuce a jikin tayar. Mai faɗi ta keken hawa dutse kan ɗauki 35 zuwa 50 a ma'aunin iska na PSI, siririya ta keken tsere 80 zuwa 100. Idan iska ta yi kaɗan, da an daki bakin rami sai gargare ya tsunke tiyub, a ga huji biyu dab da juna kamar saran maciji. Faci uku daga cikin biyar da aka yi a hanya irin wannan ne, kuma duka a kekunan da suka zo da safe ba su bi ta hannun Baba ba. Sauran biyun ƙayar tsidau ce, ta waɗanda suka sauka daga kwalta suka bi gefen gona.

Ga yadda suka koya mana faci. A fitar da tiyub, a hura shi a nemo hujin, a kankare wurin da sanfefa ya ɗan fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, sannan a jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi. Gaggawar manna faci kan ɗanyen sholisho ita ke sa ya ɓalle bayan kilomita biyu. Kafin a mayar da tiyub kuma a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin idan ƙayar tana nan maƙale, aikin baya ne zai dawo.

Birki: robar da layukanta suka shafe ta ƙare. Hannun birki idan ya taɓa kan keke kafin ya kama, waya ta saki, a ja ta. Sarƙa kuwa nan Baba ya fi yi mana faɗa, kuma da gaskiyarsa. Da yawanmu baƙin mai muke zuba mata har yana ɗiga, ƙurar Kano ta haɗu da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙar da haƙoran giya tare. A wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge na waje tas da tsumma. Sabuwar sarƙa, gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai. Idan an aza tef aka ga ta zarce da abin da ya kai milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi, in ba haka ba giyar baya ma sai an saya.

Sirdi shi ne ya ceci gwiwoyin mutane. A zauna, a ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa gaban gwiwa yake sa wa ciwo, wanda ya yi sama da yawa bayanta. Kusan rabin kekunan sai da aka ɗaga musu.

Muna godiya ga Malama ma'aikaciyar jinya da ta bi mu a mota da akwatinta. Ita ta kafe kan cewa kowa ya sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, kurɓi-kurɓi, ba sai ƙishirwa ta kama shi ba. Ita kuma ta haɗa ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mutum biyu da jijiyar ƙafa ta ɗaure musu a dawowa, wajen ƙarfe tara da rana ta fara buɗewa, da shi suka farfaɗo. Dukansu babbar giya suka yi ta dannawa tun daga farko don kada a bar su a baya. Ƙaramar giya da saurin juya ƙafa, kamar zagaye 80 zuwa 90 a minti, ta fi kai mutum gida. Ta kuma tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici take ba babba shawarar yi a mako. Ke nan hawan minti 30 sau biyar ya fi wa mai zaman kujera amfani a kan doguwar tafiya ɗaya a shekara, ko da tamu ce.

Direban motar da ya riƙa bin mu a baya da fitilun gargaɗi, da matasa huɗun da suka tsaya a mararraba, da iyayenmu mata da suka tashi tun dare suka yi kunu da ƙosai, da Alhajin da ya ba da aron hular kwano goma sha biyu, Allah ya biya ku. Mutanen Rimin Gado da suka shimfiɗa mana tabarmi a inuwa, mun gode ƙwarai.

A kan tabarmin nan ne aka yi zaman da wasu suka ce ya fi musu tafiyar. Godiya ta musamman ga yayanmu da ya daɗe yana yi wa kamfanonin waje aiki daga gida, wanda ya yi mana lissafin wuta dalla-dalla. Batir mai bolt 12, amfiya 100, wat 1,200 ne na awa ɗaya a takarda. Idan na ruwa ne ba a zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ba zai daɗe ba, saura 600. Inbata ta ci nata, a bar ka da wajen 500. Kwamfutar cinya mai wat 60 da na'urar intanet mai wat 10 za su kai awa 7, amma da ka haɗa fanka mai wat 50 sun koma awa 4. Wanda ke da taro da yamma ya san abin da zai kashe tun da rana. Ya kuma ja kunne kan agogo: Landan daidai take da mu a lokacin bazararsu, da hunturu kuma muna gabanta da awa ɗaya, New York awa 5 ne a bazara, 6 a hunturu. Mu ba ma canza agogo, su suna canzawa, kuma makon canjin ne mutane ke makara a taro. A ajiye layin waya na biyu na wani kamfani daban, a gwada shi kafin a buƙace shi.

Kan ci gaba a wurin aiki, abu ɗaya ya nanata. Mai aiki daga gida ba mai ganin guminsa, saboda haka kowace Juma'a ya rubuta layi biyar: me ya gama, me ya gyara, wa ya amfana, nawa ya rage na lokaci ko kuɗi. Ranar neman ƙarin albashi ko sabon aiki, wannan takardar ce za ta yi magana. Sharuɗɗan aiki kuma, kuɗi da ranar biya da adadin gyara, a same su a rubuce kafin a fara.

Malamin da ya jagoranci musayar littattafai, mun gode. Lissafinsa mai sauƙi ne: shafi 20 a rana shafi 600 ne a wata, wato littafi biyu matsakaita. Shawararsa a karanta su da safe kafin a buɗe kwamfuta, waya tana wani ɗaki, littafin sana'a ɗaya, na nishaɗi ɗaya, kuma a rubuta jimla biyu a kan abin da aka karanta. Mu dai a ganinmu shafi 10 ma ya isa mafari, muddin ba a tsallake rana.

Waɗanda suka ari littafi, wa'adin mako huɗu ne. An tsinci famfo ɗaya, sifana mai lamba 15 da gorar ruwa shuɗiya a cikin mota, suna wurin kwamiti. Hular kwano biyu ba su dawo ba tukuna, don Allah a kawo su kafin Juma'a mu mayar wa Alhaji kayansa cikakku. Wanda Baba ya ce wa sarƙarsa ta ƙare, ya leƙa rumfa kafin fita ta gaba.

Allah ya bar zumunci. Wassalam.