Na je sauya furosesa, na tarar ciwon ba a nan yake ba

Kwamfutar da na yi wa aikin irin tsofaffin nan ce na ofis da ake sayarwa da araha bayan an gama morarsu: akwati siriri, furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) Core i3-4130, RAM (ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kai) gigabait 4 sanda ɗaya tilo, faifan ajiya na HDD mai gigabait 500, sai fawa (na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta) mai wat 250 da 'yan kai. Tana tashi, tana aiki, amma da ka buɗe burawuza da shafuka biyar ko shida sai ta fara jan ƙafa. Niyyata ta farko in cire i3 ɗin in dasa i7 in huta. Da na bi wannan niyya kai tsaye, da na zuba kuɗi inda ba ciwo.

Abin da ya taka mini birki shi ne Task Manager. Na danna Ctrl da Shift da Esc, na shiga shafin Performance, na ci gaba da aikina na yau da kullum ina kallon layukan. Furosesa bai cika wuce rabi ba. RAM kuwa ya cika maƙil, faifan ajiya kuma ya kafe a kashi 100 ya ƙi sauka. Dalilin a fili yake: idan RAM ya cika, Windows na kwashe abin da ya yi saura ta jibge a faifai, shi kuwa HDD allura ce ke yawo a kan faranti mai juyawa tana neman bayanai ɗaya bayan ɗaya. Furosesan zaman jira kawai yake yi. Ko wanne ka saka a wurinsa, shi ma jiran zai yi.

Don haka da SSD na fara, wato faifan ajiya marar faranti mai juyawa, mai inci 2.5 mai amfani da SATA, irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi. A takarda yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, HDD kuma ɗari da wani abu, amma ba wannan ne ke sa a ji bambanci ba. Bambancin yana wajen dubban ƙananan fayiloli da Windows ke nema lokacin tashi da buɗe manhaja, inda SSD ba ya da allurar da zai jira. Abu biyu na lura da su. Na farko, allon kwamfutar, wanda duk kayan ciki ke jone a kansa, mai cif ɗin H81 ne, kuma H81 ramukan SATA biyu ne kawai yake da su masu gudun gigabit 6, sauran na gigabit 3 ne. In ka soke SSD a na biyun zai yi aiki, amma gudunsa zai tsaya ƙasa da megabait 300. Lambobin ramukan na rubuce a jikin allon da ƙananan haruffa, kuma mai lamba 0 shi ne yawanci mai saurin. Na biyu, kada kwaɗayin NVMe, wato SSD mai saurin da ya fi na SATA, ya ja ka. Ana iya ɗora shi a kan adafta a soke a ramin PCIe, inda ake soka ƙarin katuna a allo, Windows ta gan shi a matsayin ma'aji, amma BIOS, wato manhajar cikin allo da ke tada kwamfuta, a yawancin alluna na wancan zamani bai san yadda zai tashi daga kansa ba.

A nan na yi kuskurena na farko. Na ɗora Windows sabuwa a SSD alhali tsohon HDD na nan a jone. Komai ya tafi daidai, har ranar da na goge HDD ɗin don in mayar da shi ma'ajin fayiloli, sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ashe manhajar girkawa ta ga ɓangaren tashi a tsohon faifan, sai ta yi amfani da shi maimakon ta ƙirƙiri sabo. Maganin ba ya cin ko kwabo: zare wayar kowane faifai ka bar SSD shi kaɗai har a gama girkawa. Kafin nan kuma ka leƙa BIOS ka tabbatar saitin SATA na kan zaɓin da ake kira AHCI, domin in ka sauya wannan saiti bayan an girka, shuɗin allo ne zai tare ka.

RAM ya fi sauƙi, sai dai tarkonsa a rubutun jikin sanda yake. Manhajar CPU-Z, a shafin SPD, ta nuna mini abin da ke ciki: DDR3-1600, wanda ake rubutawa PC3-12800. H81 ramuka biyu yake ɗauka, iyakarsa gigabait 16, wato sanda biyu masu takwas-takwas. Harafin da ke bin lambar shi ne abin dubawa. PC3-12800U na kwamfutar tebur ne. PC3-12800R na manyan sabobi ne, yana da arha ƙwarai, yana shiga ramin daram, amma kwamfutar ba za ta tashi da shi ba ko kusa. Mai S kuma gajere ne, na laftof. Na sayi biyu iri ɗaya na cire tsohuwar mai huɗu gaba ɗaya. Sanda biyu na buɗe hanyoyi biyu tsakanin RAM da furosesa, kuma hakan ya fi amfani ga wanda ba shi da katin hoto, tun da sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM ɗin nan yake ɗiba. Wajen sakawa a danna da ƙarfi fiye da yadda zuciya ke so, sai maƙallan gefe sun yi ƙas da kansu. Sandar da ba ta zauna ba alamarta fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Bayan nan na bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya daga filash har ya gama bai kawo kuskure ba.

Da SSD da RAM kaɗai kwamfutar ta zama wata daban. Sai yanzu ne, in na haɗa bidiyo ko na matse manyan fayiloli, layin furosesa ke kai wa ƙololuwa ya tsaya. Yanzu kam lokacinsa ya yi.

Ba kai ke zaɓen furosesa ba, allo ne ke zaɓa maka. Soket ɗin nan, wato mazaunin furosesa a allo, LGA1150 ne, na jerin Intel na huɗu da ya fito a 2013. LGA1155 na jeri na biyu da na uku kamarsu ɗaya a ido, amma ba sa shiga gidan juna. Wanda ya fi cin mutane shi ne LGA1151: jeri na shida da na bakwai suna kansa, na takwas da na tara ma sunansa suke amsawa, furosesan zai zauna a ramin lafiya lau, amma na takwas ba ya aiki sai a allo mai cif na jerin 300. Saboda haka sunan soket bai isa ba, sai an haɗa da cif da kuma jerin furosesocin da BIOS ɗin wannan allo ya sani.

Haruffan ƙarshen suna ma magana suke yi. K na masu ƙara wa furosesa gudu ne, kuma a allon ofis ba a ba ka wannan dama, don haka ƙarin kuɗinsa asara ce. S wat 65 ne, T wat 35 ko 45, an rage musu gudu don ƙananan akwatuna. A kula da i5-4570T: sunansa i5 amma ƙwaya (sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa) biyu gare shi, kamar i3 ɗin da ake gudu. Akwai kuma Xeon E3-1231 v3, ƙwaya huɗu zare takwas (wato kowace ƙwaya na riƙe layin aiki biyu), kusan i7 ne a wani suna, sai dai ba shi da sashen hoto. In ba ka da katin hoto, ba za ka ga komai a sikirin ba, kuma ba kowane allon ofis ke karɓarsa ba. A sababbin jeri harafin F ne ke nuna wannan rashi.

Na tsaya tsakanin i5-4590 da i7-4790. Dukansu ƙwaya huɗu, dukansu wat 84. Na farkon yana kai wa gigahaz 3.7, na biyun 4.0 da zare takwas. Tsallen da ake ji a jiki shi ne daga ƙwaya biyu zuwa huɗu, kuma i5 ya riga ya ba da shi. Shi i7 da yake yana cikin shugabannin soket ɗin, kowa shi yake nema, don haka tsadarsa ta fi ƙarfin abin da yake ƙarawa. I5 na ɗauka.

Kafin in taɓa sukudireba na sabunta BIOS, da tsohon furosesa a ciki. Dole wannan ya zo kafin sauya furosesa: 4590 da 4790 na cikin waɗanda aka sabunta a 2014, allon da aka ƙera kafin nan yana iya ƙin saninsu, kuma in ya ƙi ba ka da hanyar sabuntawa sai ka mayar da tsohon. Kada wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aiki. Mai BitLocker, makullin faifai na Windows, ya dakatar da shi tukuna, ya kuma ajiye lambar buɗewa a wani wuri.

Aikin kansa bai kai minti ashirin ba. Na bar kwamfutar ta yi aiki kaɗan don tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya yi laushi, na kashe, na zare wayar bango, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke wutar jikina. Na zare wayar fanka, na kwance notuna huɗu kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta. Sai sandar soket: a danna ƙasa, a tura gefe, a ɗaga. A nan ake riƙe numfashi. A tsarin LGA allurai na cikin soket ne, guda 1150, sirara kamar gashi, a kwance a karkace. Furosesa ya kuɓuce ya faɗa a kansu da kusurwa, allo ya tafi. A ɗaga shi tsaye ta gefe biyu, a sauke sabon tsaye, ƙaramar alama mai kusurwa uku ta zinare ta dace da ta soket, yanka biyun gefe su faɗa kan 'yan ƙusoshinsu. Ba a dannawa, ba a jan shi gefe. Nauyin da za a ji wajen mayar da sandar daidai ne, haka aka yi ta.

Na goge tsohon mai da barasar isofurofil da ƙyalle marar gashi, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na mayar da ƙarfen. Tashin farko ya ɗan jima, ta kashe kanta sau ɗaya ta sake tashi, wanda ba abin tsoro ba ne. Da ta ƙi, mataki na gaba shi ne cire batirin CR2032 na 'yan mintuna don BIOS ya manta tsofaffin saituna.

Kuskure na biyu HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, ce ta tona shi. Da na ɗora wa furosesan nauyi, cikin daƙiƙu zafi ya haura digiri 90 yana neman 100, inda furosesa ke rage gudun kansa don kada ya ƙone. Na ɗauka ƙarfen ne ya yi wa wat 84 kaɗan, tun da i3 ɗin wat 54 ne. Da na sake cirewa sai man ya ba ni amsa: gefe ɗaya ya baje siriri har ana ganin ƙarfe, ɗaya gefen kuma yana nan da kauri, ko taɓa shi ba a yi ba. Noti ɗaya ne bai kama ba, ƙarfen ya zauna a karkace. Na goge, na sake ɗiga sabo, na ɗaure su bi da bi har kowanne ya tsaya. Zafi ya dawo saba'in da wani abu a ƙarƙashin nauyi. Tun daga nan, in zafi ya yi tsalle nan take, zaman ƙarfe nake zargi. In a hankali yake hawa, to ƙura ce ko iska ba ta fita daga akwatin.

Masu allon AMD na AM4, naku a juye yake: allurai a jikin furosesa suke, kuma busasshen mai kan manne shi da ƙarfen har ya fizgo shi daga soket a kulle. A murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga.

Katin hoto ne ya ƙure lissafi. Ramin PCIe wat 75 yake bayarwa, fawar irin waɗannan kwamfutoci kuma ba ta da wayar ƙarin wuta, don haka sai katin da ya ƙoshi da ramin, gajere kuma, wanda zai shiga siririn akwati. Furosesa 84, kati 75, sauran kaya a ce 40, an doshi 200 cikin 250. Zai ɗauka, amma babu sauran sarari. Sauya fawar ma ba kamar yadda ake zato ba ne, domin da yawa daga cikin alluna na ofis ba sa amfani da filogi mai ramuka 24 da aka saba, nasu ne na kansu mai shida ko takwas. GTX 1650 gajere yana cikin iyakar wutar, amma yawancinsa kaurin rami biyu ne, kuma a akwatina ramin na manne da fawa, sai da na auna da rula na ga ba zai shiga ba. RX 6400 siriri ne, wat 53, amma layuka huɗu kawai yake amfani da su, H81 kuma PCIe 2.0 yake bayarwa, sai ya shaƙe. GT 1030 na saka, bayan na tabbatar mai GDDR5 ne, domin akwai wani mai suna iri ɗaya da DDR4 wanda ya gaza shi nesa ba kusa ba. A tuna a mayar da wayar monita jikin katin.

Akwai katangar da duk wannan bai tsallake ba. Windows 11 a hukumance daga jerin Intel na takwas take farawa, tana kuma neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0, ita kuwa Windows 10 an rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan kwamfuta Linux, madadin Windows, ce makomarta, kuma tana ɗaukarsa cikin sauƙi. SSD da katin hoto za su bi ni zuwa ta gaba, DDR3 da i5 ɗin kuwa nan za su tsaya. Ta gaban da nake dubawa mai i3-8100 ce, wanda shi kansa ƙwaya huɗu ne, a allon da zai karɓi i5-8500 mai ƙwaya shida a kan wat 65, kuma a akwati mai faɗi wanda kati mai kaurin rami biyu zai shiga.