Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kulokon Kawu

Makon jiya na tsaya inda aka tashi kafintocin Anloga, a nan Kumasi, aka kai su Sokoban. Ni ban bi su ba. Na ɗauko ɗan injina na fere icce, wanda wani maƙeri a Suame ya haɗa mini da tsohuwar motar famfon ruwa, na kafa shi a zauren Kawu a Aboabo, daf da buzun da yake zama yana dukanci tun ba a haife ni ba.

Alƙalamin icce da nake ferewa ba ya cin katako da yawa. Guntun katakon odum ko sapele da kafinta ya zubar ya ishe ni, in huda shi, in zura bututun tagulla mai milimita 7, in fere. Wannan kowa mai hannu zai koya cikin wata guda. Rini da gogewa su ne suka sha min kai.

Iccen da ake kira wawa nake samu da arha, ga shi fari fat, ni kuwa so nake ya yi baƙi kamar zuciyar kanya. Na fara da man takalmi, yadda na ga wasu masassaƙa suna yi wa kujeru. Na manta alƙalami yini yake cikin gumin hannu. Na farko da na gama Malam na kai wa, wanda ya yi min sauka. Ranar Juma'a ya aiko min da shi, aljihun farar rigarsa ya ɓaci. Ko kalma bai faɗa ba, har yau kuwa abin yana cina.

Sai na ɗibi kulokon Kawu, baƙin ruwan nan na tsatsar ƙarfe da yake rina fata da shi, na shafa. Iccen ya yi toka-toka kawai. Kwana uku Kawu yana kallona ta gefen ido yana ɗinkin layu. A na huɗu ya ajiye basilla ya ce, "Ɗana, kuloko ba ya kama inda bagaruwa ba ta ratsa ba."

Ashe fata tana yin baƙi ne don majema sun riga sun jeme ta da bagaruwa. Ƙarfen da bagaruwar ne suke haɗuwa su haifi baƙin, wawa kuwa ba shi da wannan ɗacin a jikinsa. Kawu da hannunsa ya daka bagaruwa, Inna ta dafa mana a tsohuwar tukunya, na shafa sau uku ina bari ya bushe. Da na bi da kuloko, kafin in kai ƙarshen iccen, farkonsa ya yi baƙi wuluk.

Da hannunsa, na ce. Ina nanatawa ne saboda Yaya, wanda ya tashi a sadakar arba'in ɗin Kawu, gaban dangi har da na Tamale, ya ce na saci sirrin gida na kai wa icce. Shi da bai taɓa zama a zauren nan ya tsinka zare ba! Inna tana raye, a tambaye ta wa ya daka bagaruwar.

Sauran na koya da asara. Ruwan rini yana tayar wa icce gashi, don haka sai na fara jiƙa shi, ya bushe, in kwantar da gashin da samfefa mai lamba 400 kafin rini. Bayan rini, mai lamba 600, a hankali, don in ka danna farin zai leƙo. Man kaɗe na gwada, sheƙinsa bai kai mako ba. Na koma sufa gulu, shafi takwas sirara-sirara, injin yana juyawa, tururin yana sa ni hawaye. Ko a nan maganar Kawu ce: in rinin bai bushe har ciki ba, gulun sai ya yi hazo ya ɓare, musamman da damina.

A 2015, lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, injin ya yi ta kwana shiru, Kawu kuma ƙafa ta riga ta ƙi. Baƙin alƙalami guda na goge da hannu, a hasken tocila, na kai masa ɗaki. Ya jujjuya shi, ya kankare da farce, bai ga fari ba. Ya sa shi ƙarƙashin matashinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda alƙalamin nan ya koma hannun Yaya.